Ba Ni da Murya

Matameye, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗan goggona kuma bawana, Inusa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Nafisatu da yara. Nan ma lafiya, alhamdu lillahi. Goggo A'i, wato mahaifiyarka da ka manta da ita, tana nan da ciwon gwiwarta. Ta ce in gaya maka gero ya yi kyau a gonar Dungu, wake ne bai yi ba. 'Yata Anisa ta shiga aji uku na koleji, ta yi tsawo irin na marigayi babanta, yanzu sai na ɗaga kai nake mata faɗa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda kamar zamanin kakanninmu. Babbar wayata ta faɗa randa tun damina, ta tafi da duk abin da ke cikinta, yanzu ƙarama mai tocila ce a hannuna. Amma ba shi ya sa na rubuto ba. Ba ni da murya, Inusa. Shi ya sa.

Ka san ajina. A'a, ba ka san shi ba, rabonka da ƙauye tun kana da gashi a kai. Lekwal ɗin Gidan Shekara ce, kan hanyar Icirnawa, aji uku na gini, uku na zana. Nawa na zana ne. Bana yara tasa'in da huɗu aka ba ni, suna zaune a kan buhuna. Bayan zanar akwai injin niƙan Malam Manu, ƙarfe takwas yake tashi kamar shi ma ɗan makaranta ne. Gefe ɗaya kuma ajin Madam Najaha, zana guda ce tsakaninmu. In tana lissafi ina karatu, wadda ta fi ƙarfin maƙogwaro ita ke koyar da aji biyun. Shekara goma sha ɗaya ni nake cin wannan gasa, bana an kada ni. In na yi magana ba mai ji na. Na sha zuma, na sha citta, na sayi usur irin na alƙalin ƙwallo, da shi nake tsawatar da yara.

Ga inda ƙullin yake. An ce a watan Maris ansifekta zai zagayo ya duba mu 'yan kwantaragi da muka daɗe. Wanda ya ci, a sa sunansa a layin matirikil, lambar nan da ke mai da mutum cikakken ma'aikaci. Ita nake jira tun Anisa tana rarrafe. In na kwanta a gida babu takarda, za a rubuta na gudu daga aiki. In na kai takardar likita, ina tsoron a ce ba ni da lafiyar riƙe aji, a tsallake sunana. Shi ya sa duk wanda ya tambaya nake ce masa mura ce, har Goggo.

Kai kana ofishin sandika, ƙungiyar malamai, a Yamai, ka san ƙofofin da ni ban sani ba. Don Allah ka nemo mini hanyar da zan yi shiru na ɗan lokaci ba tare da na fita daga layi ba. Kuma ka riƙe bakinka, in za ka iya.

Uwargijiyarka,
Jannatu Dawuda

Yamai, 2 ga Disamba

Zuwa ga 'yar kawuna, Rediyo Matameye,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Khalifa da ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya tashi. Nafisatu na gaishe ki. Na yi waya da Inna, ta ce mura ta kama ki, Allah ya sawwaƙe. Ki ci gaba da zumar.

Takardarki ta same ni tsakanin taro biyu, a tsaye na karanta ta. Da na zo kan «ba ni da murya» sai da na zauna saboda dariya. Ke? Ke da in kika kira Anisa a ƙofar gida, 'yan tasha ke amsawa? Har yanzu ina da saƙon muryarki na Sallar bara a wayata, minti huɗu cur kina zagina don ban zo gida ba. In Nafisatu ta gaji da aiki sai ta kunna shi ta yi dariya. Na kira ki sau uku in rama, ba na jin komai sai shuuu. Rezon wayarku na can ya fi ku talauci.

Amma da na sake dubawa sai na gane abin da kike nufi, kuma wallahi na daina dariya. Gaskiya kika faɗa, 'yar kawu. Malamin ƙauye ba shi da murya a ƙasar nan. Yana magana ba mai ji, daga ofishin darakta har Yamai. Mu nan mun shekara muna rubuta rahoto mai shafi arba'in, ke kin faɗe shi da kalma huɗu.

Shi ya sa ban yarda da ƙarshen takardarki ba. Shiru? Ba za ki yi shiru ba, yanzu ne ma lokacin magana. A watan Fabrairu za mu yi babban taro na kwana uku kan kyautata rayuwar malami a wurin aikinsa: lafiyarsa, hutunsa, yawan yara a aji, ajin zana, duka. Mun rasa sunan da za mu sa wa taron, sai ga takardarki. Na nuna wa shugabanmu layin nan kawai, ban faɗi sunanki ba, nan take ya ce a buga shi a kan ƙyalle. Kin ga kin zama mai taken taro ba ki sani ba.

Ina so ki zo da kanki ki tsaya gaban mutane ki faɗi labarin injin niƙan nan da bakinki. Da muryarki ko lasifika ba ma buƙata. In kin yarda zan aiko da takardar gayyata ga daraktanku.

Batun gajiya kuma, kowa ya gaji. Ki daure zuwa Maris, kada ki ba su ƙofar da za su ce kin yi fashi. In matirikil ya fito za ki huta har ki gaji da hutu.

Wanda ba bawan kowa ba,
Inusa

Matameye, 6 ga Janairu

Inusa,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Goggo na gaishe ku. Allah ya ƙara wa Khalifa lafiya.

Na karanta takardarka sau biyu. Karon farko na yi dariya, dariyar ma ba ta fito ba. Karo na biyu na yi kuka. Kai da ka yi karatu har Yamai ta riƙe ka, Hausa ce ta gagare ka? Ba waƙa na rubuto maka ba, ba kuma wasan taubasai ba ne. Maƙogwarona nake nufi, wannan da ke ƙarƙashin haɓata. Sau ukun da ka kira, rezo lafiyarsa lau. Ina jin ka kana «alo, alo, Rediyo», ina amsawa da iyakar ƙarfina. Wannan shuuu ɗin da ka ji, ni ce.

A hutun nan na tafi Damagaram a ɓoye, na ce wa Goggo ziyara na kai wa wata ƙawata. Likita ya sa wani abu mai haske ya leƙa. Ya ce igiyoyin muryar sun kumbura sun yi ƙulli, irin na mai yawan ihu. Ya ce in na yi shiru wata uku, shiru na gaske, ko raɗa ban da ita, akwai fata sosai. In na ci gaba da shiga aji, ba zai yi mini alkawarin komai ba. Ya tambaye ni yara nawa ne, na rubuta masa a takarda. Ya cire tabarau ya dube ni.

Yanzu da safe muryar takan zo kaɗan, kamar ta tsohuwa mai shekara tasa'in. Kafin ƙarfe goma ta tafi. Daga nan sai allo da alli da usur. Na cika allo da rubutu, yara su kwafa. Na san ba koyarwa ba ce, amma me zan yi? Waɗanda ke baya ma ba sa ganin allon. Madam Najaha ta gane, ba ta gaya wa kowa ba. Da tata dabarar, in ta zo karatu sai ta juyo ta fuskanci zanar, don nawa su samu su ji. Allah ya saka mata.

Ta ce mini ta taɓa jin an ɗauke wani mushe, wato malami namiji, mai ciwo daga aji, an sa shi aikin takardu a ofis na 'yan watanni, sunansa bai fita daga layi ba. Ban san ko gaskiya ne ba, ban san wa ake roƙo ba. Abin da na tambaye ka ke nan tun Nuwamba. Wata biyu sun wuce a banza. In akwai wannan hanya, ka buɗe mini ita kafin Maris, don girman Allah da zumunci.

Taronku kuma Allah ya ba da sa'a. Ku ci ƙyallenku.

Zan ba Alhaji Fahad mai atamfa wannan takarda, ya ce jibi zai hau Yamai.

Jannatu

Yamai, 24 ga Fabrairu

'Yar kawu,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai gajiyar taro. Inna ta ce murar nan taki ta ƙi tafiya, kuma kin daina zuwa hira. Ki je dispansa mana, mutum ba ya zama da mura wata huɗu.

Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye ba. Wata biyu da rabi ba amsa. Na aika da takardar gayyata, darakta ya ce ya ba ki, kin ninke kin sa a jaka ba ki ce uffan ba. Na kira, kin daina ɗagawa. In tsiyar da na yi miki ce ta yi zafi, ai ke kika koya mini. Tun muna yara ba ki taɓa yin fushi da ni ya kwana biyu ba, kin fi son ki zage ni ki huta.

Duk da haka ga labari, don naki ne. An yi taro, an gama lafiya. Ƙyallen nan yana rataye bayan manyan baƙi: BA NI DA MURYA. Ranar farko na karanta guntun takardarki, wurin injin niƙa da gasar maƙogwaro. Zaure ya yi dariya. Wata madam daga Tawa ta tashi tana hawaye ta ce ajinta ne aka kwatanta. An tafa, Jannatu, an daɗe ana tafi. Na so a ce kina wurin.

Mun fito da buƙatu goma sha biyu da za mu miƙa sama. A ciki akwai a riƙa duba lafiyar kowane malami sau ɗaya a shekara, a rage yara a aji, ɗan kwantaragi ma ya samu hutun jinya ba tare da fargaba ba. Na san takarda ce, takarda kuma tana da tafiyar hawainiya, amma an fara.

Wasu masu taimaka mana sun raba 'yan ƙananan lasifikoki, irin wanda ake ratayawa a ƙugu, da abin magana da ke zagayo kunne. Na ƙwato miki ɗaya, ga shi cikin kwalin nan. Da rana yake caji. Ko da yake ke ba ki buƙatarsa, ki gwada ranar da ansifekta ya zo, ki kashe masa dodon kunne.

Ki amsa mini, ko da zagi ne.

Inusa

Yamai, 11 ga Maris

Jannatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da hantsi Alhaji Fahad ya kawo mini takardarki ta Janairu. Ya ce tafiyar Yamai ta fasa a lokacin, ya juya Kano, takardar tana cikin aljihun wata jaka, sai jiya ya gan ta. Yana ta ba ni haƙuri. Ban iya yi masa faɗa ba, don ta Nuwamba a hannuna ta iso kan lokaci, kuma ni na karanta ta.

Na ɗauko ta na sake karantawa, a zaune wannan karon. Komai yana ciki, zumar, usur ɗin, shirun da kika roƙa. Ban san inda idona yake ba. Na ɗauki ciwonki na rataya a bango aka tafa mini. Kunyar kwalin nan da na aiko miki ta hana ni cin abinci.

Hanyar da Madam Najaha ta faɗa akwai ta. Na san mutumin da ke sa hannu, tare muke sallar Juma'a. Da na gane a Nuwamba, aikin mako guda ne. Daga wajensa nake yanzu. Ya ce a kawo takardar likita da ta darakta, zai duba. Kada ki sake shiga aji daga yau, kin ji? Ko ansifekta ya zo, kada ki buɗe baki. Ki ba Anisa wayar ta kira ni, ke ki rubuta mata abin da za ta faɗa.

Ki yafe mini, 'yar kawu.

Bawanki,
Inusa

Matameye, 3 ga Afrilu

Ɗan goggona Inusa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Zafi ya shigo sosai. Goggo A'i yanzu ta san komai, ta yi kwana biyu tana faɗa, rabi da ni rabi da kai. Ka gaida Nafisatu da yara.

Takardarka ta iso ran sha biyar. Ansifekta ya zo ran tara.

Ba don fushi na hana Anisa kiranka ba. Ba na so labarin ya fito daga bakin yarinya, ta riga ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Bari in ba ka shi da hannuna.

Na shirya wa ranar kamar biki. Kwana huɗu kafin nan ban yi wa kowa magana ba, ina tara muryar. Na shirya darasin lissafi wanda rabinsa a allo yake. Na roƙi Malam Manu a rubuce ya jinkirta injinsa zuwa sha ɗaya, bawan Allah ya yarda. Har lasifikarka na rataya a ƙugu, ƙarƙashin mayafi.

Ansifektan dattijo ne mai natsuwa, ya zauna a kujerata ya buɗe littafinsa. Na gaishe shi, muryar ta fito. Na fara lissafi, tana fita a daddafe, minti ashirin. Sai ya dubi jadawalin da ke manne a zana ya ce, «Madam, yau Litinin, ai dikte ne da ku yanzu. Mu ji diktenku.» Ka san dikte ba a rubuta shi a allo. Malami ya faɗa, yaro ya ji ya rubuta, shi ke nan aikin.

Na ɗauki littafi. Yara tasa'in da huɗu suka ɗaga biro suna kallon bakina. Jimlar farko ta fita rabi. Na buɗe baki don ta biyu, babu komai. Na sake, babu. Na kunna na'urarka, ta yi aikinta tsakani da Allah: duk ajin ya ji numfashina da ƙarfi, huu, huu, har ajin Najaha. Ba yaron da ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Suna nan riƙe da biro a sama suna jira, don na koya musu ba a saukewa sai Madam ta faɗi kalma.

Ansifekta ya tashi ya karɓi littafin a hannuna a hankali, ya ƙarasa musu dikten da kansa. Bayan an tashi ya tambaye ni tun yaushe. Na rubuta masa. Ya ce, «Madam, me ya hana ki faɗa?» Na ajiye allin. Ai na faɗa, Inusa.

Bai wulaƙanta ni ba. Ya ce ba zai rubuta cewa na faɗi ba, amma ba zai iya rubuta cewa na ci ba, kuma ba zai bar yara da malamar da ba ta magana ba. Sunaye sun tafi ran ashirin, nawa ba ya ciki. Na Najaha yana ciki, na yi mata murna da zuciya ɗaya. An haɗa ajina da nata kafin a samo wani. Yara ɗari da tamanin ke nan a gabanta, an yaye zanar da ke tsakani. Na ba ta lasifikar. Na rubuta mata a tafin hannu cewa kada ta taɓa cire ta, ko sun yi mata dariya. Ka ga kyautarka ba ta tashi a banza ba.

Na koma wurin likita. Ya ce ƙullin ya taurare, sai dai aiki a Yamai, kuma ko an yi, in sa rai da abin da zai ishe ni magana a ɗaki, ba aji ba. Ga takardarsa da ta darakta na haɗo maka. Ka kai wa abokin Juma'arka. In aikin takardun ya samu zan karɓa, Anisa na buƙatar in riƙa fita da safe kamar kowace uwa. In bai samu ba, kada ka kashe kanka.

Batun yafewa, na yafe. Ni ma da laifina. Shekara arba'in ban taɓa gaya maka magana ba tare da tsiya a ciki ba, ranar da na faɗi ta gaske ba ka da yadda za ka gane ta. Buƙatunku goma sha biyu kuma kada ku bar su a durowa. Ta duba lafiyar nan, ku tura ta gaba. Akwai masu shan zuma da yawa a lekwal-lekwal ɗin nan, na san su yanzu da na daina magana na koma saurare.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ka karanta shi a zaune. Saƙon nan na Sallar bara, mai minti huɗu, da nake zaginka. Nawa duk sun tafi cikin randa, ban san wani da ya ajiye ba sai kai. Kada ka goge shi, ko wayar ta cika. Ka tura shi a wayar Najaha. Shekaranjiya Anisa ta ce mini ta fara manta yadda nake kiran sunanta, kuma na tuna a tsakiyar saƙon na tsaya na ƙwala mata kira ta sauke tukunya.

Ni ma ina so in ji.

Jannatu